Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Me Ya Raba Talaka Da Tallafin Da Aka Tanada Dominsa?

Duk sanda aka taso da zancen talauci a ƙasar nan, tambayar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce, ina tallafin yake? Tambaya ce da ta dace, domin abin da ake warewa bai kama ƙafar buƙata ba. Amma akwai wata tambayar da ba a cika yi ba, alhali sau da yawa ita ke yanke hukuncin ko gida zai ɗora tukunya: ɗan abin da aka ware ɗin, ta ina yake bi ya isa hannun mai buƙata? A ƙauyukanmu akwai mai tarin fuka da ke sayar da akuyarsa yana biyan kemis, bai san maganin cutarsa kyauta ne a asibitin gwamnati ba. A biranenmu akwai matar da miji ya rasu ya bar ta da marayu, ofishin zakka yana cikin garin, amma ba ta taɓa jin ranar da ake karɓar suna ba. Irin wannan ne Bahaushe ke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abin da nake son kafawa a wannan sharhi shi ne, sada mabuƙaci da taimako aiki ne mai zaman kansa. Yana buƙatar ma'aikaci da kasafi da wanda za a tuhuma idan ya lalace. Mu kuwa mun bar shi a hannun sa'a da sanayya, shi ya sa mai ƙarfin turawa da mai uwa a gindin murhu suke samu, mafi rauni kuma yana gida.

Girman al'amarin

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya auna talauci ta fuskoki da dama, wato abinci da lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi. Rahoton ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin wannan hali. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A karkara kashi 72 ne, a birane kashi 42, a Jihar Sakkwato kuwa abin ya kai kashi 91. Wannan kafin cire tallafin man fetur ke nan a ranar 29 ga Mayu, 2023, da tsadar abinci da ta biyo baya. Idan mabuƙata sun kai haka yawa, kayan taimako kuma kaɗan ne, to kowane buhun da ya ɓace hanya ya fita ne daga bakin wanda ba shi da wani.

Abin da doka ta riga ta ba talaka

Mutane da yawa za su yi mamakin yawan abin da aka tanada a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma an fara sa shi a kasafi a 2018. Wannan dokar ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mutumin da aka kawo cikin halin gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu. A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ne, haka rigakafin yara. Ana yi wa masu yoyon fitsari aiki kyauta a cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina da na Ningi a Bauchi. A Sakkwato akwai asibitin cutar noma mai cin fuskar yara, wanda aka buɗe tun 1999.

A wajen lafiya ma akwai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Hukumar ba da tallafin shari'a tana nan tun 1976 domin wanda ba zai iya ɗaukar lauya ba. Jihar Jigawa ta fara ba masu naƙasa alawus na naira 7,000 duk wata a 2007. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato da Zamfara suna da nasu hukumomin, masarautu irin ta Dutse kuma suna tara zakkar hatsi su raba. Ga ƙungiyoyin addini masu kwamitocin marayu, ga cibiyoyin ciyarwa na azumi, ga attajirai masu buɗe rumbu.

Babu mai cewa duk waɗannan suna tafiya yadda aka rubuta. Wasu kuɗinsu na makara, wasu an yi musu rabin aiki. Sai dai ko inda suke aiki sosai, ba kowa ke kai wa gare su ba, kuma dalilan a fili suke.

Abubuwan da ke tare hanya

Na farko shi ne rashin sani, wanda aka ce ya fi dare duhu. Ana sanar da shiri a taron manema labarai a Abuja da Turanci, a sa fom a intanet, a ce an buɗe wa kowa. Tsohuwar da ke ƙauyen da ba lantarki, wadda ba ta karanta boko, an buɗe mata ne a takarda kawai. Kafin labarin ya iso ta bakin jikanta, an rufe.

Na biyu takardu. Yau kusan duk wani tallafin kuɗi yana neman lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki ko asusun waya. Dalilin yana da kyau, domin a toshe sunayen bogi. Amma binciken da cibiyar EFInA ta fitar a ƙarshen 2023 ya nuna kusan rabin manyan mutane a Arewa maso Yamma ba su da hulɗa da banki ko wata kafar ajiyar kuɗi. Yin katin ɗan ƙasa karon farko kyauta ne a ƙa'ida, amma ɗan ƙauye sai ya biya mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ya tarar ba sabis, a ce ya dawo gobe. Wanda 'yan bindiga suka ƙone wa gari ya gudo da rigar jikinsa, wace takarda zai nuna? Sharaɗin da aka kafa domin ɓarawo sai ya zama ya fi cizon mai gaskiya.

Na uku tsadar neman abin kyauta. Lebura ko mai ga-ruwa da ya bar aiki ya wuni a layi, ranar iyalinsa ba su da cefane. Idan aka ce ya dawo sau biyu ko uku, lissafi zai nuna masa haƙura ta fi. Mace kuma tana da ƙarin nauyi: izinin maigida, wanda zai riƙe mata yara, da wanda zai raka ta.

Na huɗu kunya, kuma a ƙasar Hausa ba ƙaramin abu ba ne. Akwai dattijon da zai kwana uku yana shan ruwan zafi da kanwa bai faɗa wa maƙwabcinsa ba. Akwai malamin makaranta mai ritaya da ba zai iya tsayawa layi ɗaya da ɗalibansa ba. Alƙur'ani kansa ya yi maganar matalautan da kamun kai ke hana su roƙo har wanda bai sani ba ya ɗauka mawadata ne. Tsarin da ke jiran mutum ya zo ya fallasa kansa a bainar jama'a, ana ɗaukarsa hoto da ƙullin shinkafa a hannu, ya riga ya cire irin waɗannan.

Na biyar sanayya. Kowa ya san yadda fom ke ƙarewa a aljihun 'yan siyasar mazaɓa, a raba wa 'yan jam'iyya da dangi. Har ta kai a ƙauyuka da yawa idan aka ga baƙi da littafi, abin da za ka ji shi ne, an sha zuwa ana rubuta sunayenmu, shiru kake ji. Wannan yanke ƙauna asara ce babba, domin ranar da shirin gaskiya ya zo ma mutane ba za su fito ba.

Na shida, ofisoshin ba su san juna ba. Talauci ba ya zuwa shi kaɗai. Gidan da yaro ke fama da tamowa, sau da yawa shi ne gidan da 'yan'uwansa ba sa zuwa makaranta, uwar ba ta zuwa awo, uban ba shi da jari. Asibiti zai ba yaron abincin gyaɗa na musamman har ya farfaɗo, a sallame shi ya koma gidan da babu hatsi, bayan 'yan watanni a dawo da shi. Ma'aikaciyar jinyar ta ga matsalar da idonta, amma ba ta da takardar da za ta rubuta wa hukumar zakka, kuma ba wanda ya ɗora mata wannan aikin.

Inda rajista ta tsaya

Gwamnatin Tarayya ta yi yunƙurin warware wannan. Daga 2016, da bashin dala miliyan 500 na Bankin Duniya, aka fara haɗa rajistar marasa galihu ta ƙasa. Tsarin a rubuce mai ma'ana ne: a je gari, a tara maza daban, mata daban, matasa daban, su da kansu su faɗi abin da suke kira talauci, su lissafa gidajen da suka fi shiga ciki, sannan ma'aikata su bi gida-gida su tantance. Daga wannan rajista aka riƙa ba iyalai naira 5,000 a wata, har aka zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su.

Amma rajista abu ce mai tsufa. Wanda ke da rufin asiri bara, bana ambaliya ko 'yan bindiga ko rasuwar maigida sun mayar da shi abin tausayi, kuma babu wata ƙofa a mazaɓarsa da zai je ya ce a sa ni. A Yuli 2023 gwamnoni, a taron Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, suka ce ba su yarda da sahihancin rajistar ba. A wannan shekarar aka yi alkawarin naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15, sai kuma a Janairu 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai tare da shirye-shiryen tallafin saboda zargin almundahana. Duk tsawon wannan taƙaddama, talakan da sunansa ke ciki bai san wanda zai tambaya ba.

Idan hanya ta toshe, abin da ke biyo baya mun gan shi. A Oktoba 2020 jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Kaduna da Yola da wasu garuruwa, bayan watanni suna jin labarin abinci ba su gan shi ba. A Maris 2024 mutane, akasari mata, suka rasu a turmutsitsin karɓar zakka a Bauchi. A Disamba 2024, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta Jihar Anambra, 10 a Abuja, duk a wajen rabon abinci ko kuɗi. Masu rabon da niyyar alheri suka fito. Abin da ya yi kisa shi ne tara dubban mayunwata a ƙofa ɗaya, kowa ya san idan bai tura ba ba zai samu ba.

Mun taɓa yi, kuma ya yiwu

Wanda ke ganin ba za a iya kai wa kowane gida ba, ya tuna da shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi saboda rashin yarda, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, umarni ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa, kowace da gidajen da aka damƙa mata, ta san mai ciki, ta san jaririn da aka haifa, tana zuwa suna. Ana sa alli a jikin ƙofa, ana komawa inda aka tarar yaro ba ya nan. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Haka ake bi gida-gida da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro duk damina.

Ba a ce iyaye su cike fom a intanet ba, kuma ba a ce su taru a filin wasa ba. Gidajensu aka bi. A lokacin ma tambayar da magidanta suka riƙa yi wa masu rigakafi ita ce, me ya sa wannan kaɗai kuke kawo mana har gida, alhali muna da yunwa da zazzaɓi? Tambayar tana nan ba a amsa ta ba.

Addini ma ya riga ya nuna hanyar. Cikin kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba, akwai ma'aikatan da ke tattara ta su raba. Wato shari'a ta ɗauki aikin nemo mabuƙaci a matsayin aikin da ake biya daga cikin dukiyar kanta. Mu ne muke ganin kuɗin da aka kashe wajen bincike da kaiwa asara ne, sai mu tara mutane a ƙofar gida mu watsa.

A wasu ƙasashe ma da haka aka ci nasara. Barazil ta buɗe rajista guda ta marasa hali a 2001, ta ɗora shirin Bolsa Família a kanta a 2003, ta kafa ofisoshin jin daɗin jama'a a unguwannin talakawa inda iyali ke zuwa kowane lokaci su shiga ko su gyara bayanansu. Da aka ga har yanzu akwai waɗanda ba su zo ba, daga 2011 sai aka tura ma'aikata su nemo su a dazuzzuka da bakin koguna.

Abin da ya kamata a yi

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809. Mazaɓa ita ce ma'aunin da ya dace, domin a nan ne mutane suka san juna. A kowace mazaɓa a samu teburi guda, a asibitin sha-ka-tafi ko ofishin dagaci, da ma'aikaci mai albashi, kuma a tabbata akwai mace. Aikinsu su san duk wani taimako da ke yankin, na gwamnati da na masallaci da na coci da na ƙungiyoyi: me ake bayarwa, wa ya cancanta, wace rana, da wace takarda. Wanda ya zo da matsala ɗaya a tambaye shi sauran. A ba shi takardar turawa, a kira inda aka tura shi, bayan mako biyu a bincika ko ya samu. Wannan bibiyar ita ce ruhin aikin, domin nuna wa mutum hanya kawai ba ya nufin ya isa.

Kada a jira a teburin. Matan da suka yi aikin shan inna, da ungozomomi, da jami'an lafiya na unguwa, su ne idon da ke shiga inda namiji ba ya shiga. Da ɗan ƙarin horo da alawus mai zuwa a kan lokaci, mai auna damtsen yaro domin gano tamowa za ta iya lura da gidan da ba a hura wuta ba, ta kai rahoto cikin sirri. Masu yin katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa su riƙa bin kasuwannin ƙauye ranar da suke ci. Sanarwa kuma ta fita da Hausa da Fulfulde da Kanuri da sauran harsuna, ta rediyo, ta bakin sanƙira, da bayan sallar Juma'a, a faɗi ƙarara cewa fom kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi ɓarawo ne.

Za a ce masu unguwanni da limamai su ma mutane ne, suna da dangi da 'yan gaban goshi. Gaskiya ne, da ɗan gari akan ci gari ta kowace fuska. Maganin wannan shi ne kada a bar zaɓe a hannun mutum ɗaya. Kwamiti ya haɗa mata da matasa da masu buƙata ta musamman da wakilan baƙi da 'yan gudun hijira, a bayyana sharuɗɗa da adadin abin da ya iso ga kowa, a kuma samar da lambar ƙorafi da ke zuwa wajen wanda ba ɗan mazaɓar ba. Za a kuma ce idan rumbu ba komai, mai nuna hanya ba shi da amfani. Wannan ma gaskiya ne, kuma tura mutum inda babu kaya yana kashe yarda. Amma littafin da ke nuna an tura mutum ɗari, goma suka samu, shi ne hujja mafi ƙarfi da kansila ko ɗan majalisa zai riƙe ya nemi ƙari. Yanzu ko yawan waɗanda aka mayar hannu rabbana ba a rubutawa.

Ga attajirai masu fitar da zakka, roƙona shi ne a daina kiran taro. A ba amintattu su bi unguwa su tantance tun kafin azumi, a kai wa mutane cikin dare ko a tura ta waya, a bar kyamara a gida. Hukumomin zakka da asibitoci su zauna su yarda cewa duk uwar da aka sallami ɗanta daga ɗakin tamowa, sunanta zai wuce kai tsaye zuwa jerin masu karɓar hatsi.

Kai kuma mai karatu, tunda ka iya karanta wannan, kana da abin da maƙwabcinka da yawa ba su da shi. Ka je asibitin mazaɓarku ka tambayi abin da ake yi kyauta da ranakun da ake yi. Ka nemi inda ofishin zakka da na walwalar jama'a suke a ƙaramar hukumarku, ka rubuta, ka ba limami da mai unguwa, ka sa a zauren WhatsApp na unguwa. Idan ka san gidan da ke cikin ƙunci, kada ka tsaya a cewa su je wuri kaza. Ka raka su, ka cike musu fom, ka rufa musu asiri, ka koma ka ji yadda aka ƙare. Gwamnatoci da masu hali su sauke nauyin da ke kansu, mu ma mu sauke namu. Allah Ya ba mu ikon yi.